Paul Robeson, ɗan wasan dandamali da fim

Paul Robeson ɗan wasan kwaikwayo ne kuma mawaƙi, baƙar fata ɗan Amurka, an haife shi ran 9 ga Afrilu 1898 a garin Princeton na jihar New Jersey. Babansa bawa ne da ya gudu tun yana saurayi, daga baya ya zama fasto. Shi Paul lauya ya karanta a jami'ar Columbia ya gama a 1923, amma wariyar launin fata ba ta barshi ya zauna a ofis ba, sai ya koma dandamali. Wasannin marubuci Eugene O'Neill ne suka fara fito da shi, a 1928 ya tafi Landan ya yi wasan waƙe-waƙe na Show Boat, a 1930 ya fito a Othello, wasan Shakespeare.

Fim ɗinsa na farko, Body and Soul na 1925, ba magana a ciki sam. To da fim mai magana ya shigo daga 1927 wasu taurarin kasuwarsu ta mutu don muryarsu ba ta da daɗi a makirfo, shi kuwa kakarsa ce ta yanke saƙa, don Allah ya ba shi murya mai kauri irin wadda ke cika ɗaki, haka ya ja The Emperor Jones a 1933 a lokacin da da wuya ka ga baƙi a matsayin jarumi.

Inda ya ciji yatsa shi ne Sanders of the River na 1935, fim ɗin furodusa Alexander Korda da aka ɗora labarinsa a Najeriya zamanin Turawa. Ya fito a sarki Bosambo, a tunaninsa za a nuna darajar waƙoƙi da al'adun Afirka ne, ashe da aka gama tacewa kirarin mulkin mallaka aka yi da muryarsa, ga sarki guda yana rusuna wa D.O. Ransa ya ɓaci sosai ya fito fili ya barranta da fim ɗin. Ɗan wasa Orlando Martins ɗan Legas yana ciki, har Jomo Kenyatta, wanda daga baya ya zama shugaban Kenya, ma ya fito cikin 'yan cika taro.

Bayan Tales of Manhattan a 1942 ya daina fim kwata-kwata, ya ce ya gaji da yadda ake nuna baƙi. A 1943 ya sake yin Othello a Broadway, cibiyar wasan dandamali ta New York, sau 296. Gwamnatin Amurka ta ƙwace fasfo ɗinsa a 1950 saboda ra'ayinsa na siyasa, sai 1958 ya samu. Ya rasu a Philadelphia ran 23 ga Janairu 1976.