Doka ta 97 a birnin New York: yadda ake cin tarar bene saboda hayaƙinsa

A birnin New York na Amurka, kusan kashi biyu cikin uku na hayaƙin da ke ɗumama duniya daga gine-gine yake fitowa. Dalilin a fili yake ga duk wanda ya taɓa yin hunturu a can. Sanyi na sa a kwana ana ƙona iskar gas ko mai a manyan tukwanen da ke ƙarƙashin bene don a ɗumama ɗakuna da ruwan wanka, da bazara kuma na'urorin sanyaya ɗaki su karɓi aiki. Ga fitilu, ga lif, ga kwamfutocin ofisoshi da ba a kashewa. Birnin kuma ya ɗanɗana kuɗarsa a watan Oktoba na 2012, lokacin da guguwar Sandy ta kwararo ruwan teku cikin tituna da ramukan jirgin ƙasa. Saboda haka a watan Afrilu na 2019 majalisar birnin ta zartar da wani jerin dokoki kan sauyin yanayi a zamanin magajin gari Bill de Blasio. Wadda ta fi kowace nauyi a cikinsu ita ce Doka ta 97, wadda kansila Costa Constantinides na yankin Queens ya jagoranta.

Dokar ba ta shafi kowane gida ba. Ta kama ginin da faɗin dukkan hawansa, idan an haɗa, ya wuce murabba'in ƙafa 25,000. Don a gane girman, fuloti mai ƙafa 50 da 100 murabba'in ƙafa 5,000 ne, ke nan ana maganar ginin da shimfiɗarsa ta kai fuloti biyar ko ta wuce. Haka kuma idan gine-gine biyu ko fiye suna kan fili ɗaya a rajistar harajin birnin kuma jimlarsu ta haura 50,000, su ma sun shiga. Gine-gine wajen 50,000 ne abin ya shafa: ofisoshi, otal-otal, manyan kantuna, asibitoci, rumbunan ajiya da benayen haya.

Abin da dokar ta yi shi ne ta yanka wa kowane gini rabonsa na hayaƙi a shekara, gwargwadon girmansa da irin aikin da ake yi a cikinsa. Asibiti, da yake aikinsa ba dare ba rana, rabonsa ya fi na ofis, na ofis kuma ya fi na rumbun ajiya. Ba a hawa kan rufi a auna hayaƙi. Takardun kuɗin wuta da na gas da na mai ake ɗauka, a ga yawan abin da ginin ya sha a shekara, sannan a lissafa shi da ma'aunin da hukuma ta ƙayyade wa kowane irin makamashi, ya koma tan na iskar kabon. Injiniya ko mai zanen gine-gine mai rajista ne zai sa hannu a rahoton, a miƙa wa Sashen Kula da Gine-gine na birnin ranar 1 ga Mayu kowace shekara. An fara ƙidaya daga 2024, rahoton farko kuma ya faɗo a 2025.

Duk tan ɗaya da gini ya haura rabonsa, tararsa dala 268 ce, kuma kowace shekara ake biya muddin ba a gyara ba. Ga misali. A rubutun dokar na farko, an ba ofis kilo 8.46 a kan kowane murabba'in ƙafa daga 2024 zuwa 2029. Ofis mai murabba'in ƙafa 100,000 rabonsa tan 846 ke nan. In ya fitar da tan 1,000, ya yi rarar tan 154, zai biya dala 41,272. Daga 2030 rabon ya sauko zuwa kilo 4.53 a wancan rubutun, wato tan 453, kuma in hayaƙin bai ragu ba tarar za ta kai dala 146,596. Daga baya hukumar ta sake rarraba gine-ginen zuwa iri kusan 60 da alkaluma nasu na daban, amma tsarin lissafin bai canja ba. Wanda ya ƙi kawo rahoto zai biya rabin dala a kan kowane murabba'in ƙafa duk wata, wanda kuma ya shara ƙarya a rahoton yana iya fuskantar tarar da ta kai dala 500,000 ko ɗauri.

Zangon farko mai sauƙi ne, yawancin gine-gine sun riga sun cika sharaɗinsa. Shekarar 2030 ce ke hana masu benaye barci, domin manufar ita ce a rage hayaƙin manyan gine-gine da kashi 40 cikin 100 zuwa lokacin, a kuma ci gaba da matsawa har 2050.

Abin da ya fi burge ni a dokar nan shi ne ba ta duban kwalliya. Shekara da shekaru kamfanoni suna alfahari da takardar shaidar LEED, wadda ake ba gini bisa yadda aka tsara shi da kayan da aka gina shi da su. Benen Bank of America da ke One Bryant Park ya samu matakin ƙoli na wannan shaida a 2010, yana tara ruwan sama, yana da injin samar da wuta na kansa, an yi ta yabonsa. Amma a cikinsa akwai manyan zaurukan cinikin hannun jari cike da kwamfutoci da allunan da ke kunne kullum, injin wutar kuma gas yake ƙonawa. Da aka yi lissafin Doka ta 97, sai ga shi cikin waɗanda suka haura rabonsu. Masu benen sun yi ƙorafi cewa ana hukunta su ne don gininsu cike yake da ma'aikata, kuma ƙorafin na da ƙamshin gaskiya, tunda rabon a kan faɗin gini aka yanka shi, ba a kan yawan mutanen da ke ciki ba. Duk da haka ina ganin dokar ta yi daidai da ta tsaya a kan abin da aka ƙona. Sararin samaniya hayaƙin da ya tashi yake karɓa.

A gefe guda kuma ga benen Empire State, wanda aka kammala tun 1931. Gyaran da aka fara masa a 2009 ya haɗa da cire tagoginsa 6,514, aka sake inganta gilasansu a cikin benen, aka mayar, aka sa abin tare zafi a bayan bututun ɗumama ɗaki, aka gyara injinan sanyaya. Wutar da yake sha ta ragu sosai. Irin wannan aikin dokar ke nema: toshe kafofin da iska ke shiga, canja fitilu, sa na'urar da ke rage ɗumi ko sanyi idan ba kowa a ɗaki, daga ƙarshe a maye tukwanen gas da na'urorin ɗumama masu aiki da lantarki. Wannan na ƙarshe shi ne mai tsada, shi ya sa birnin ya buɗe ofishin ba da shawara kyauta da tsarin bashi mai dogon zango da ake biya tare da harajin gini.

Akwai wata ƙaya da ba a cire ba. Tara a kan mai bene take, alhali a ofisoshi da kantuna ɗan haya ne ke shan yawancin wutar. Mai gida ba shi da ikon shiga ofishin wani ya kashe masa kwamfuta. Don haka yanzu lauyoyi na cusa sharuɗɗa a yarjejeniyar haya kan wanda zai ɗauki tarar da kuɗin gyara, kuma mai ƙaramin shago da ba shi da bakin ciniki shi ya fi shiga haɗarin a ɗora masa kaya. Sai kuma batun wutar kanta. Mai bene ba shi ne ke zaɓar yadda ake samar da lantarkin da ke shigo masa ba, kuma tun da aka rufe tashar nukiliya ta Indian Point a 2021 birnin ya ƙara dogara da gas.

An bar ƙofofin sassauci. Wuraren ibada, da masallatai a ciki, da benayen da sama da kashi 35 cikin 100 na ɗakunansu hukuma ke ƙayyade kuɗin hayarsu, an ba su jerin gyare-gyare masu sauƙin kuɗi da za su yi a maimakon rabon shekara-shekara. Wannan ya shafi 'yan'uwanmu da yawa mazauna Bronx da Harlem, inda irin waɗannan benaye suke da yawa. Ana kuma iya sayen takardun shaidar wuta mai tsafta, wato wadda aka samar ba tare da ƙona gas ko mai ba, don rage hayaƙin da ake lissafa wa gini a kan lantarkinsa. A Disamba na 2023 gwamnatin magajin gari Eric Adams ta fitar da ƙa'idar da ke rage tara ga wanda ya nuna yana ƙoƙari da gaske kuma yana da tsarin gyara a rubuce. Masu fafutukar kare muhalli sun ce an yi wa dokar ɓula, kuma na fahimci damuwarsu, domin takardar da aka saya ba ta kashe tukunyar gas ko ɗaya.

An gwada dokar a kotu ma. A 2022 wasu ƙungiyoyin masu gidaje na Queens, ciki har da Glen Oaks Village, suka kai ƙara suna cewa dokar sauyin yanayi ta jihar New York ta riga ta mamaye wannan fage, birni ba shi da hurumin yin tasa. A watan Mayu na 2025 kotun ƙoli ta jihar ta yi watsi da wannan hujja, Doka ta 97 ta ci gaba da aiki da rabon 2030 yadda aka tsara shi.