Gine-ginen zamani a garin Kaduna

Gine-ginen zamani a Kaduna su ne irin ginin da ya shigo garin tun zuwan Turawa, wato na siminti da rodi da kwano, haɗe da yadda ake zana su da yadda magina ke ɗora su. Kaduna ta sha bamban da Zariya ko Kano ko Katsina, ita ba ganuwa ba tsohon birni, gari ne da aka fara shata shi a takarda kafin a sa harsashi, shi ya sa duk mai son ganin yadda gini ya sauya a Arewa cikin shekara ɗari da ɗoriya zai iya karanta shi a titunanta.

Asalin garin

Wajen 1913 ne Gwamna Lugga ya tsayar da shawarar kafa hedikwatar Arewa a bakin kogin Kaduna, sai a 1917 gwamnati ta taso daga Zungeru ta tare. Ruwan kogin da kuma layin dogo da ya riga ya ratsa wurin su ne manyan dalilai. Tsarin farko ya raba garin ne ƙiri-ƙiri, ga unguwar Turawa ga barikin soja ga filin sukuwa (wanda yanzu shi ne Dandalin Murtala) sannan can gefe ga inda 'yan ƙasa za su zauna, kuma ƙa'idar wancan lokacin ta ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin Turawa da sauran jama'a, wai don sauro. Titunan tsakiyar gari irin su titin Kano da titin Katsina da titin Yarabawa an ja su ne miƙe ɗoɗar suna gitta juna, har yau haka suke.

Gidajen da ma'aikatar ayyuka ta gina wa jami'ai sun cancanci a tsaya a kansu. Ana ɗaga daɓen gidan daga ƙasa, a yi masa baranda mai faɗi, silin can sama, tagogi suna kallon juna yadda iska za ta shiga nan ta fita can, bakin kwano kuma ya sauko sosai ya kare bango daga rana da feshin ruwa, kicin da ɗakin boyi suna baya daban, ga maɗaci da mangwaro sun kewaye. Wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin waɗanda suka rage da tsakar ranar watan Maris ya san sanyin da ake ji ba fanka ba komai. Da yawansu an sayar an rushe an yanka filin gida huɗu gida biyar.

Lugard Hall

Lugard Hall, mai sunan Gwamna Lugga, shi ne ginin da aka fi sanin garin da shi, mai babbar ƙubba a tsakiya. Nan majalisar wakilai da majalisar sarakunan Jihar Arewa suka zauna, yanzu kuma majalisar dokokin jihar Kaduna ke ciki. Akwai saɓani kan shekarar gina shi, wasu na kai shi baya can farkon kafa garin, amma an fi jingina ginin da ke tsaye da ƙarshen shekarun 1940 zuwa farkon 1950. Akwai kuma ƙaramar gadar ƙarfe ta Lugga da aka kafa a Zungeru wajen 1904 aka kwance ta aka kawo Kaduna, tana wurin shaƙatawa na Gamji.

Zamanin Sardauna

Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1966 garin ya yi girman da bai taɓa yi ba. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu masaƙun suka biyo baya, da su aka samu manyan rumfunan masana'anta na ƙarfe da kuma unguwannin ma'aikata a kudancin kogi. Masallacin Sultan Bello da ke Unguwar Sarki ana cewa an gina shi a 1962, otal ɗin Hamdala da filin wasa na Ahmadu Bello su ma na wannan tsakanin ne. Salon lokacin shi ne kankare tsirara ba ado da yawa, da bulo mai huji-huji da ke tace rana ya bar iska ta wuce, da dogayen kafaɗun kankare a gefen tagogi masu yin inuwa, kuma ana ganin ci gaban wannan salon a manyan benaye na titin Ahmadu Bello irin su gidan Ahmed Talib da gidan Nagwamatse. Gidan Sardauna kansa da ke titin Rabah ba wani ƙasaitaccen gida ba ne idan aka gwada da na manyan yau, nan aka kashe shi ranar 15 ga Janairu 1966, kuma tun 1970 wurin ya zama Gidan Arewa, cibiyar tarihi ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

A 1967 wani Baturen Ingila mai suna Max Lock da tawagarsa suka fitar da babban tsarin garin wanda ya hango har 2017. Sai dai a shekarar ne aka raba Jihar Arewa zuwa jihohi shida, gwamnatin da ta ba da aikin ta kau, tsarin bai samu mai bin sa sau da ƙafa ba.

Gidan talaka

A Tudun Wada da Unguwar Shanu da Kawo da Rigasa gini bai rabu da tsarin Bahaushe gaba ɗaya ba, akwai zaure akwai tsakar gida da rijiya, ɗakuna a jere. Abin da ya sauya shi ne kaya, azara da rufin soro suka ba langa-langa wuri, makuba ta ba filastar siminti wuri. Ita kuwa filasta a kan jar ƙasa ba ta cika kamawa ba, bayan 'yan damuna sai ka ga ta ɓamɓaro falle-falle ruwa na shiga ta baya, kuma Kaduna gari ne mai ruwa, sama da milimita 1,000 a shekara. Gidajen haya na ɗaki-ɗaki da ciki da falo masu banɗaki ɗaya a ƙurya su suka ɗauke yawancin baƙin da aiki ya kawo.

Yadda ake gini yanzu

Yawancin gidaje mai gida ne ke gina abinsa kaɗan-kaɗan. A sayi fuloti hamsin da ɗari, a fara da katanga da get, a sauke tifar yashi, a haƙa fandisho, in gini ya kai linta kuɗi suka ƙare sai a bar shi shekara biyu ciyawa ta fito ciki. Bulo inci tara ne a waje inci shida a ciki, kuma babbar matsalarsa ƙarancin siminti, buhu ɗaya mai kilo 50 ana matsa masa ya fitar da bulon da ya wuce ƙima, birkilan da ya san aiki yakan ɗaga bulo ya sake shi ƙasa ko ya murza gefensa da yatsa, in ya zube kamar gari ya ce a mayar. Ranar zuba dakin, wato daɓen kankare na saman bene, ita ce babbar rana, tun asuba injin kwaɓa ke ruri, leburori sun yi layi a kan tsanin katako da kwanon sarki a ka, ba a tsayawa sai an gama don kada kankaren ya yi gaɓa, bayan nan a yi ta ba shi ruwa, sai ya kwana 21 ko fiye kafin kafinta ya cire katakon ƙasa.

Yayin yanzu shi ne dogon rufi mai tsini, silin na fi'ofi, tayil, da ƙananan tagogin gilashi masu zugewa waɗanda rabi kawai ke buɗewa, ga katanga ta tokare iska ga tsakar gida an shafe da siminti ba bishiya ko ɗaya. Gidan yana da kyau a ido amma in aka ɗauke wuta da bazara ba ya kwanuwa, abin takaici kuwa maganin wannan yana nan tsaye a tsofaffin gidajen garin.

Karatu da dokoki

Ana koyon zanen gini a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Hukumar ARCON ke yi wa masu zanen gini rajista, COREN kuma injiniyoyi, izinin gini a hannun KASUPDA yake, wato hukumar tsara birane ta jihar, takardun fili a KADGIS, hukumar filaye ta jihar.

Rushe-rushe da ambaliya

Shirin sabunta birni da gwamnatin Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019 ya kawo faɗaɗa tituna da sabuwar gadar Kawo da sake gina kasuwanni, ya kuma zo da rusau mai yawa. Otal ɗin Durbar da aka gina don bikin al'adun baƙar fata na FESTAC na 1977 an rushe shi a farkon 2020, batun ya je kotu. Wasu na yaba shirin, wasu na kukan diyya. Gidajen da aka gina a bakin kogi, musamman wajen titin Kigo, ruwa ya sha cinye su, ciki har da ambaliyar 2003 da ta 2012.