Wai da ake ta cewa muhalli, muhallin wa ake nufi?

Kwanan nan duk inda ka juya muhalli ake cewa. Ka kunna rediyo muhalli, ka shiga Facebook muhalli, ɗan siyasa ya tashi jawabi sai ya ambace shi sau biyar kafin ya zauna, balle in 5 ga watan Yuni ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa muhalli bayan taron da aka yi a ƙasar Suwidin a 1972. Ni yawan faɗar bai dame ni ba. Abin da ya tsaya min a rai wani shiri ne da na saurara inda aka gayyato baƙo yana koya wa mutane yadda za su "inganta muhallinsu", sai na ji yana cewa a share ganye a ƙona, a aske ciyawa har ƙasa, a yi feshi duk wata, inda hali ma a malale tsakar gida da siminti a huta. Mai gabatarwa yana ta madalla madalla. Wallahi raina ya ɓaci, don duk abin da mutumin nan ya lissafa hanyoyin rushe muhalli ne, kuma da sunan kalmar yake faɗarsu.

Kalmar dai daga Larabci muka aro ta, mahall, kuma tushenta shi ne halla, wanda asalin ma'anarsa kwance ƙulli. Shi ne fi'ilin da ya zo a addu'ar Annabi Musa (AS) lokacin da ya roƙi a kwance masa ƙullin harshensa, kuma daga nan halal ma ta fito, abin da aka kwance wa mutum aka sakar masa. To ina ruwan kwance ƙulli da wuri? Ka tuna matafiyi, ya yini yana tafe da kaya a ɗaure a bayan dabba, ba ya kwance igiyar nan sai ya iso inda ya ga ruwa, ya ga inuwa, ya ga abin da dabbarsa za ta ci, kuma hankalinsa ya kwanta cewa in ya rufe ido ba abin da zai same shi. Inda ya kwance kayan nan ya sauka shi ne mahall ɗinsa. Shi ya sa Larabawa ke ce wa unguwa mahalla, kalmar ta yi tafiya har Turkiyya da Indiya da wannan ma'anar. Su kansu Larabawan in za su yi maganar abin da mu muke kira muhalli a labarai bi'a suke cewa, ita ma tushenta saukar da mutum masauki ne. Turawa ma hakan take, wani Bajamushe mai suna Ernst Haeckel da ya ƙirƙiro sunan ilimin muhalli, wato ecology, a 1866 daga kalmar Girkanci oikos ya samo shi, ma'anarta gida.

Kenan duk ta inda ka biyo, kalmar tana da mai ita. Ba a cewa muhalli sai akwai wanda ya sauka a wurin. Mu ma ai mun san haka, in ambaliya ta yi ɓarna cewa muke yi mutane sun rasa muhallansu, kuma kowa ya gane an raba su da inda suke kwana suke ci suke renon 'ya'ya ne. Haka in malami ya ce a ajiye abu a muhallinsa, wurin da ya dace da shi yake nufi. Amma da zarar an zo kan tsakar gida da lambu sai kalmar ta rikiɗe ta koma shara da aski, mai wurin ya ɓace daga cikin maganar gaba ɗaya, ba mai tambayar muhallin wa.

Ka yi wa lambunka tambayar matafiyin nan. In ƙudan zuma ta zo, ko kwaɗo, ko bushiya, ko ɗan tsuntsu mai neman inda zai yi sheƙa, akwai abin da zai sa ya kwance kaya? Abinci, ruwa, maɓoya, da wurin haihuwa. Lambun da yake kore shar, an jera furanni 'yan waje a layi, ƙasan an share tas ko tsinke babu, ga warin maganin ƙwari, yana da kyau a hoto ban musa ba, amma ba wanda ya sauka a cikinsa, ado ne kawai. Ni a ganina bai cancanci sunan ba.

Bari in ɗan daɗe a kan ɓaure, don ban san misalin da ya kai shi ba. Duk wanda ya taɓa fasa ɗan ɓaure ya ga wasu ƙananan ƙwari a ciki ya yar yana cewa ya lalace. Bai lalace ba fa, masu gidan ne ka tarar. Furen ɓaure a cikin ɗan yake, a rufe, iska ba ta kai masa garin fure, ƙudan zuma ba ta iya shiga. Wata 'yar mitsitsiyar ƙwaro ce dangin rina, tsawonta bai fi milimita 2 ba, take kutsawa ta wata 'yar ƙofa a ƙasan ɗan ɓauren, ƙofar ta matse har sau da yawa fukafukanta a nan suke karyewa, ta shiga ɗauke da garin furen ɓauren da aka haife ta a ciki, ta bi furannin ta barbara su, ta saka ƙwanta, ta mutu a nan. In ƙwan suka ƙyanƙyashe mazan ke fara fitowa, ba su da fukafukai, aikinsu su sadu da matan su huda musu hanyar fita shi kenan su mutu, matan su kwashi garin fure su tashi neman wani ɓauren. Akwai ire-iren ɓaure sama da 750 a duniya kuma galibinsu kowanne da irin ƙwaronsa da ba ya aiki sai da shi. Sannan masu bincike sun ƙirga tsuntsaye da dabbobi sama da iri 1,200 da suke cin 'ya'yan ɓaure, su jemage, su biri, su kurciyoyin daji. Duk wannan taron a wuyan ƙwaron da ko ganinsa ba ka cika yi ba yake rataye.

An ma gwada raba su an gani. A shekarun 1880 manoma a Kalifoniya ta Amurka suka kawo wani irin ɓaure daga Turkiyya suka dasa, itatuwa suka kama suka girma lafiya lau, amma 'ya'yan sai su zube tun ba su nuna ba, shekara da shekaru ana haka, sai da aka je aka ɗauko ƙwaron aka samu ya zauna a 1899 sannan aka fara girbi. Ka ga itacen ya samu ƙasa da ruwa da rana, amma bai samu muhalli ba sai da abokin zamansa ya iso.

Wannan shi ne dalilin da masu harkar lambun da ke zama masaukin ƙwari da tsuntsaye suke nacewa a kan tsirrai 'yan asalin wuri, kuma a nan ma ana yawan fahimtarsu a baibai, ana ɗauka ƙyamar baƙo ce. Ganyen kowace shuka yana da dafin da take kare kanta da shi, ƙwarin da suka yi dubban shekaru tare da ita ne kawai cikinsu ya saba. Tsutsar malam buɗe littafi da yawa ba ta cin ganye sai na shuka ɗaya ko danginta, in babu to uwar ba ta da inda za ta saka ƙwai, ko da ka cika wurin da furanni masu zaƙi. Wani masanin ƙwari a Amurka, Douglas Tallamy, ya ƙirga cewa itatuwan oak na yankinsu suna ciyar da tsutsotsi sama da iri 500, alhali wani itacen ado da aka kawo daga Asiya mai suna ginkgo ko iri 10 bai kai ba. Me ya sa tsutsa ta dame mu? Don ita ce abincin jariran tsuntsaye. Wani ɗan tsuntsu da masu bincike suka bibiya, wanda bai kai gwara girma ba, sai ya kai wa 'ya'yansa tsutsa 6,000 zuwa 9,000 kafin sheƙa ɗaya ta tashi. Mutum zai ce yana son kukan tsuntsaye da asuba amma ganye ɗaya ya gani da huji sai ya ɗauko feshi, to me za su ci? Ganyen da aka ɓula alama ce wani ya ci ya ƙoshi. Kowa sai ya duba abin da ke fitowa da kansa a yankinsa, abin da ya dace da wancan ba lallai ya dace da kai ba.

Na san me wani zai ce, sauro fa, maciji fa? Tambaya ce mai kyau kuma ba na raina ta, tsafta wajibi ce. Sai dai a raba ƙazanta da rayuwa. Leda, gwangwani, tsohuwar taya da ta tara ruwan sama, kwatar da ta toshe, waɗannan ƙazanta ne kuma su ne gidan sauro na gaske, a kwashe su. Busasshen ganye a gindin itace kuma abincin tana ne da bargon ƙasa, yana riƙe laima, ya ruɓe ya zama taki, gyare da buzuzu su ɓuya a ƙarƙashi, ƙadangare da kwaɗo da tsuntsu su zo kiwo. Ruwan da za ka ajiye wa tsuntsaye a kasko marar zurfi, ka saka 'yan duwatsu don ƙudan zuma ta samu wurin tsayawa kar ta nutse, ka riƙa zubarwa kana wankewa duk bayan kwana biyu ko uku, sauro yana buƙatar wajen mako guda daga ƙwai zuwa tashi, ba zai samu wannan damar ba. Tarin itace da kututture kuma can ƙarshen lambu ake kai su, nesa da ƙofar ɗaki da inda yara ke wasa, hanyar wucewa a bar ta a share. Feshin da ake yi wa komai da komai shi ne ma yake kwashe gizo-gizo da ƙoƙi-ƙoƙi da zanzaro, masu cinye maka ƙwarin da kake gudu, kuma masu ɓarnar sun fi su saurin hayayyafa, sai su riga su dawowa ka sake sayen magani. Fitilar waje mai kwana a kunne ita ma tana gajiyar da ƙwarin dare har su mutu a gindinta, in ba dole ba a kashe.

Wani kuma zai ce ɗan filin nawa guda nawa yake. Akwai wata mata masaniyar dabbobi a garin Lesta na Ingila, Jennifer Owen, tun daga 1972 ta shiga rubuta duk wani mai rai da ta gani a lambun gidanta har shekara 30. Lambun murabba'in mita 741 ne, a cikin gari, tana shuka kayan miya da furanni kamar kowa, kawai dai ba ta feshi, ba ta yawan sassabe, ba ta barin ƙasa tsirara. Iri 2,673 ta ƙirga, kusan 2,000 daga ciki ƙwari ne, har da waɗanda kimiyya ba ta taɓa sani ba sai a gidanta. Ka haɗa wannan da abin da aka gano a Jamus a 2017, inda aka auna ƙwari masu tashi a wurare 63 da aka killace don kare halittu aka tarar nauyinsu ya ragu da sama da kashi 75 cikin 100 a shekara 27. In wuraren da aka killace ma haka abin yake, to ɗan lambun bayan ɗaki ba abin rainawa ba ne, kuma wajen kashi uku cikin huɗu na ire-iren amfanin gonar da duniya ke ci suna amfana da barbarar da ƙwari da sauran halittu ke yi wa fure.

Ko ƙudan zumar ma da kowa ke yabo an taƙaita ta ga mai amya da saƙa. Akwai iri sama da 20,000 a duniya, mafi yawansu ba sa yin zuma, ba su da sarauniya, ba su cika harbi ba, kowace uwa ita kaɗai take haƙa ɗan raminta ta tara garin fure ta saka ƙwai a kai ta toshe. Wajen kashi 70 cikin 100 a cikin ƙasa suke wannan ramin, sauran a busasshen kara da tsohon itace. Ranar da aka malale tsakar gida da siminti da su ake binnewa, da ƙwan da komai. Abin da suke nema ɗan gefe ne da rana ke bugawa, ƙasa a buɗe ba a kafta ba a tattakawa, da karan bara da aka bari a tsaye har ƙananan su fito, in ka duba da hantsi za ka ga 'yan ramuka kamar an soka tsinke da ɗan tulin ƙasa a bakin kowanne, uwar tana shiga ƙafafunta sun yi rawaya da garin fure.