Filogi mai ƙafa uku

Filogi mai ƙafa uku, wanda masu gyaran wuta ke kira filogi mai am 13 (am shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya), shi ne kan wayar da ake cusawa a soket don haɗa kayan lantarki da wutar gida a Birtaniya da ƙasashe da dama da ta taɓa mulka, ciki har da Najeriya da Gana. Ƙafafunsa uku ne masu kusurwa huɗu, na tagulla, kuma akwai ɗan fiyus a cikinsa, abin da ya bambanta shi da galibin filogogin duniya. Ƙa'idar Birtaniya da ake ƙera shi a kanta ita ce BS 1363, wadda ta fito a 1947. A jerin nau'o'in filogi na duniya ana kiransa nau'in G. Ɗaura shi a kan waya na daga cikin ayyukan wuta ƙalilan da mai gida kan yi da hannunsa ba tare da ya kira ma'aikaci ba.

Tarihi

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu gidajen Ingila na amfani da filogi mai ƙafafu zagayayyu, kuma girmansa ba ɗaya ba ne. Akwai na am 2, da na am 5, da na am 15, kowanne da nasa soket, babu wanda ke shiga ramin ɗan'uwansa. Wanda ya ɗauko fitila daga ɗaki zuwa falo yana iya tarar da ba ta da inda za ta shiga. Ban da wannan, kowane babban soket sai an jawo masa wayarsa shi kaɗai tun daga akwatin fiyus, abin da ke cin jan ƙarfe mai yawa.

Ana tsakiyar yaƙi, bama-bamai na rusa gidaje a Landan da sauran birane, gwamnati ta fara shirin yadda za a sake gini idan an sami lafiya. Ministan ayyuka na lokacin, Lord Reith, ya sa aka kafa kwamitoci na nazarin gine-ginen bayan yaƙi, ɗaya daga cikinsu kan wayoyin wutar gida. Wannan kwamiti ya fara zama wajen 1942, ya kuma fitar da rahotonsa a 1944. Mace ɗaya ce tak a cikinsa, Caroline Haslett, injiniyar lantarki wadda ta daɗe tana jagorantar wata ƙungiyar wayar da kan mata kan amfani da lantarki a gida. Ana yawan ambaton ta idan ana maganar matakan kare yara da suka shiga tsarin, duk da cewa shawarar ta kwamiti ce baki ɗaya.

Shawarar kwamitin ita ce a daina jawo wa kowane soket wayarsa. Waya guda ta fito daga akwatin fiyus, ta bi soket-soket na gidan ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zagayo ta koma inda ta fito, kamar zobe. Da yake wuta na isa kowane soket ta ɓangarori biyu, waya mai matsakaicin kauri ta wadatar, kuma ana iya ƙara soket da yawa ba tare da an kashe kuɗi sosai ba. To amma fiyus ɗin da ke tsaron zoben babba ne, na am 30. Siririyar wayar fitila ko ta rediyo za ta iya yin zafi har ta kama da wuta wannan babban fiyus bai ko motsa ba. Daga nan aka ga dole kowane filogi ya ɗauki nasa ƙaramin fiyus. An sa ƙafafun su zama masu kusurwa don kada wani ya cusa tsohon filogi marar fiyus a sabon soket.

A shekarun farko wasu kamfanoni sun fito da nasu samfurin. Na Dorman & Smith ya yi suna saboda fiyus ɗinsa shi ne ƙafar da ke ɗaukar wuta, ana murɗa shi ne a jikin filogin, kuma yakan kwance ya maƙale a soket da wuta a jikinsa bayan an zare filogin. A hankali waɗannan suka ɓace, BS 1363 ta mamaye kasuwa.

An yi wa ƙa'idar gyare-gyare daga baya. Mafi girma shi ne na 1984, da aka wajabta lulluɓe gindin ƙafafu biyu na ƙasa da baƙar roba, ta yadda idan filogi ya ɗan zamo daga soket yatsa ba zai taɓa ƙarfe mai wuta ba. Har zuwa farkon shekarun 1990 kayan lantarki da yawa a Birtaniya ana sayar da su ne da waya tsirara, mai saye ya sayi filogi daban ya ɗaura a gida, shi ya sa ake koya wa yara wannan aiki a makaranta. Dokar 1994 ce ta tilasta a riƙa sayar da kayan gida da filoginsu a ɗaure, kuma tun daga nan mafi yawansu a narke suke da wayar, ba a buɗe su, fiyus kaɗai ake iya canzawa.

Ƙira

Ƙafar sama ita ce ta wayar ƙasa, wadda ke kwashe wuta ta kai ta ƙasa idan ta ɓalle ta hau jikin ƙarfen na'ura. Ta fi sauran biyun tsawo da kimanin milimita 5, don ta riga su shiga, ta kuma zama ta ƙarshen fita. Ita ce kuma mabuɗi: ramukan soket biyu na ƙasa a rufe suke da wani ɗan marfi daga ciki, sai doguwar ƙafar ta tura shi yake buɗewa. Saboda haka yaro ba zai iya zura ƙusa ya taɓa wuta ba. Kayan da ba sa buƙatar wayar ƙasa, kamar cajar waya, akan yi musu ƙafar sama ta roba don buɗe marfin kawai.

Wayar na fita ne ta ƙasan filogin, ba ta bayansa ba, don haka fizgar waya ba ta zare shi da sauƙi. Wannan siffa ce ke sa idan ya faɗi ƙasa yakan kwanta ƙafafu a sama, kuma duk wanda ya taɓa taka shi da dare ba takalmi ya san ba ƙaramin abu ba ne.

Fiyus

Ɗan bututun tangaran ne mai tsawon inci ɗaya, da hular ƙarfe a kowane baki, siririyar waya a ciki, an cika shi da yashi don ya kashe tartsatsi idan wayar ta narke. An fi samun na am 3 mai jan rubutu, da na am 13 mai rubutu ruwan ƙasa, sai na am 5 mai baƙi. Abin da bai kai wat 700 ba, kamar fitila, na am 3 ya ishe shi. Dutsen guga, hita da butar lantarki na am 13 suke so, wanda a wutar bolt 230 ke ɗaukar kusan wat 3,000. Aikin fiyus kare wayar ne daga ƙonewa. Ba ya hana wuta ta ja mutum, domin wutar da za ta kashe mutum ba ta kai ko kusa da wadda za ta narkar da fiyus ɗin ba.

Ɗaurawa

Sukundireba ƙarama da filaya ko wuƙa mai kaifi sun isa. Idan aka cire marfin, wayar na kallon ƙasa, mai ruwan ƙasa ita ce mai wuta, tana zuwa dama inda fiyus yake. Shuɗiya ta tafi hagu, mai ratsin kore da rawaya ta hau sama. A tsofaffin wayoyi ja ce mai wuta, baƙa abokiyarta, koriya ta ƙasa. Ana feƙe bakin kowace kaɗan, a murza silin jan ƙarfen su haɗu, a ɗaure noti tamau ba tare da an bar sili ko ɗaya a waje ba. Masu aikin kan bar wa wayar ƙasa ɗan rara, mai wuta kuma a yanke ta daidai, don idan aka fizga ta ƙasa ta zama ta ƙarshen tsinkewa. Matsewar da ke bakin filogin rigar waje ta wayar ya kamata ta kama, ba ƙananan wayoyin ba. Noti mai kwance shi ne ya fi jawo filogi ya yi zafi, robar ta yi baƙi tana wari.

Ƙasashen da ke amfani da shi

Ban da Birtaniya da Ayalan, akwai Najeriya, Gana, Kenya, Yuganda, Malesiya, Singafo, Hong Kong, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Nijar, Kamaru da Chadi na bin tsarin Faransa mai ƙafafu zagayayyu, shi ya sa matafiyi daga Katsina zuwa Maraɗi ke buƙatar adafta. A Najeriya tsohon soket zagayayye na am 15 bai mutu ba, shi ake sa wa na'urar sanyaya ɗaki da hitar banɗaki.

Amfani a Najeriya

Kaya masu ƙafa biyu sun cika kasuwa, saboda haka an saba ganin an zura murfin biro ko makulli a ramin sama don a buɗe marfin a cusa su. Wasu kan soka waya tsirara su tokare da tsinken ashana, wasu kuma idan fiyus ya ƙone su naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari ko silin waya, wanda hakan ke mai da filogin marar fiyus. Akwai kuma jabun fiyus da babu yashi a ciki, masu fashewa maimakon su yanke wuta shiru. A gidaje da dama ramin sama na soket ba a haɗe yake da komai ba.

Suka

Ana sukarsa da girma da nauyi da tsada. Tsarin zoben ma akwai saɓani a kansa tsakanin injiniyoyi, domin idan wayar ta tsinke a wani wuri soket-soket na ci gaba da aiki, ba wanda zai lura, alhali duk nauyin ya koma kan ɓangare ɗaya.