Dokar tayar sanyi a Jamus: titi take dubawa, ba kalanda ba

Tun shigowar Oktoba wani saƙon murya ke yawo tsakanin 'yan uwa mazauna Jamus, wai duk wanda bai sauya tayoyinsa zuwa na sanyi ba, za a tare shi a ƙwace lasisinsa. Wani ma ya ƙara gishiri, ya ce har motar da ke ajiye a ƙofar gida ba ta tsira ba. Jama'a, a kwantar da hankali.

Al'adar Jamusawa ce ta rikita mu. Sukan ɗaura tayar sanyi a Oktoba, su cire bayan Ista. Dabara ce mai kyau, amma ba doka ba ce. Dokar da ta fara aiki a Disambar 2010 tana sashe na 2 na dokar hanyarsu, kuma ba ta ambaci wata ko rana ba. In akwai ƙanƙara a titi, ko dusarta, ko caɓin da take zama in ta fara narkewa, ko santsin raɓar da ta daskare, to sai da tayar sanyi za ka fita. Kana iya tuƙi a tsakiyar Janairu da tayar lokacin zafi in titi a bushe yake, kana kuma iya shiga hannu a Afrilu in dusa ta sauko. Mota a ajiye kuwa, babu ruwan kowa da tayarta.

Dokar ta hau kan motoci ƙanana da manya, har masu lambar wata ƙasa. Babura da motocin gona an ɗauke musu.

Inda ake faɗawa rami shi ne alamar da ke jikin tayar. Je ka tsuguna gefen motarka, ka goge ƙurar da yatsa. In ka ga hoton dutse mai kawuna uku da ɗigon dusar ƙanƙara a cikinsa, kana kan daidai, ko da tayar ta kowane yanayi ce. In haruffan M+S kaɗai ka gani, a idon doka ba tayar sanyi gare ka ba. An ɗaga wa irinta ƙafa, muddin kafin 2018 aka ƙera ta, har zuwa 30 ga Satumba 2024, daga nan aka rufe ƙofa. Wasu sun yi ta ƙorafin an sa su zubar da taya mai sauran zane. Ni ban ga zalunci a nan ba: robar da ta shekara kusan bakwai ta riga ta ƙandare. Abin da ya fi damuna shi ne irin tayoyin nan da ake lodawa a kwantena a kai gida. Robar sanyi taushi gare ta, kwaltar Kano ko Maraɗi a watan Afrilu cinye ta take yi.

Sai tara. Yuro 60 ne da makin laifi ɗaya a rajistar direbobi da ke garin Flensburg. In ka tare wa wasu hanya ta koma 80, in ka jefa wani cikin haɗari 100, in an yi karo 120. Lasisi ba ya tafiya sai maki ya taru ya kai 8, don haka batun ƙwacewa a karon farko ƙanzon kurege ne.

Masu aikin rarraba kaya da motar kamfani, ku lura da wannan. Mai motar da ya sa ko ya bari aka fita da ita haka, shi ma zai biya yuro 75 da maki ɗaya. Hakan ya yi mini, sai dai direban bai kuɓuta ba, alhali ba shi ke sayen taya ba, kuma ba kowane sabon zuwa ke iya kallon maigidansa ya ce yau ba zan fita ba.

Mai niyyar tsallakawa Ostiriya ya sani can akwai kalanda: daga 1 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu, in titi ya yi santsin sanyi sai da tayar sanyi, kuma zurfin zanen tayar ya kai milimita 4, ba 1.6 da Jamus ta yarda da shi ba.