Injin Detroit mai bugu biyu a tsohuwar a-kori-kura: amsoshin tambayoyinku

Tun ranar da na ambaci wani tsohon injin gas (wato dizal) ƙirar Detroit da na gani ana tayarwa a wani gareji kusa da Panteka a Kaduna, matasa masu son tsofaffin motoci suke tare ni da tambayoyi. Galibinsu sun gāji a-kori-kura daga iyaye, tana ajiye a ƙofar gida tayoyi sun sace, suna son su ga ta sake hawa titi. Na tattara tambayoyin da suka fi maimaituwa.

Wane irin inji ne wannan da ake ta maganarsa?

Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara ƙera shi a 1938, da jerin da ake kira 71. A 1957 ya fito da ƙaninsa, jerin 53, sannan jerin 92 a 1974. Lambar da ke jikin injin tana da ma'ana: idan ka ga 4-53, silinda huɗu ke nan, kowace kuma cikinta inci 53 ne da awon Amurkawa, wato kusan siisii 870. Jimillarsa kusan lita uku da rabi. An zuba waɗannan injuna a manyan motoci, da bas-bas, da jiragen ruwa, da janareto, da katafilolin aikin hanya, har da motocin sulke na soja. Dokokin hana hayaƙi ne suka kore su daga titunan Amurka a shekarun 1990. Wanda ya dace a yi maganarsa a kan a-kori-kura shi ne jerin 53, musamman 3-53 da 4-53. Jerin 71 ya yi nauyi ƙwarai, 6-71 kaɗai ya kai tan guda.

Mai bugu biyu, wato kamar Vespa da ƙaramin janareto da ake haɗa wa fetur da baƙin mai?

Sunan ne ɗaya, aikin daban. A injin mota da muka saba da shi, fistan sai ya yi tafiya huɗu kafin wuta ta kama sau ɗaya: ya ja iska, ya matse ta, ya buga, ya fitar da hayaƙi. A mai bugu biyu, tafiya biyu kawai fistan yake yi, sama da ƙasa, don haka duk zagaye ɗaya na karanshaf akwai bugu. To yaushe iska take shiga, yaushe hayaƙi yake fita? A nan hikimar take. Jikin silindar yana da ƙofofi a zagaye daga ƙasa. Fistan na sauka sai ya buɗe su, a daidai lokacin bawul-bawul ɗin hayaƙi da ke sama sun buɗe. A gefen injin akwai bulowa, wasu ƙarafa biyu masu juyawa cikin juna, tana hura iska da ƙarfi ta waɗannan ƙofofi. Iskar ta shiga ta ƙasa, ta kori hayaƙin ta sama, kamar yadda maƙeri yake zuga wuta. Ba bulowa, injin ba zai ko tashi ba. Saboda haka babu bawul ɗin shan iska a kansa sam, duk waɗanda ka gani na hayaƙi ne.

Ba a haɗa masa baƙin mai da gas. Yana da kaskon baƙin mai a ƙasa kamar kowane injin mota. Haka nan ba shi da famfon injekta guda irin wanda masu gyaran nozul suka saba kwancewa. Kowace silinda tana da nata injekta mai famfo a jikinsa, wani ƙarfe kuma ya haɗa su duka zuwa ga gwamna, wato na'urar da ke daidaita gudun inji.

Me ya sa yake ihu haka?

Saboda bugunsa ninki biyu ne. Idan yana juyi 2,000 a minti, kunnenka zai ji kamar wani injin ne yake juyi 4,000, ga kukan bulowa a kai. Ni dai ina son wannan murya, ba zan ɓoye ba. Ranar da na ji ta a garejin nan, injin yana ɗaure a kan tsofaffin tayoyi, an tsoma tiyo a cikin jarka, tattabarun da ke kan rufin kwano suka watse gaba ɗaya, mai shayi ya bar tukunyarsa ya leƙo. Amma abin da ke da daɗi na minti biyar, a tafiyar Kaduna zuwa Zariya zai iya zama azaba idan ba a yi masa salansa mai kyau ba, ba a kuma shimfiɗa abin tare ƙara a ƙasan gidan direba ba.

Ina da Fijo 504 a-kori-kura ta mahaifina. Zai shiga?

Kar ka yi. Wannan ita ce amsar da na fi so a ji da kyau, don mafi yawan masu tambaya Fijo ce a hannunsu. Ba abin mamaki ba ne, tunda a nan Kakuri kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 404 da 504 su suka yi wa Arewa dakon hatsi da tumatir shekara da shekaru.

Injin 4-53 ya kai kilo 500, wanda ke da turbo, wato na'urar ƙara masa iska, ya fi haka. Ƙaramin ma, 3-53, ya haura kilo 400. Injin fetur na Fijo bai kai rabin wannan ba. A-kori-kura tana ɗaukar kaya mai nauyi, gaskiya ne, amma a baya take ɗauka, a kan sifirin da aka yi domin hakan. Gabanta an auna shi ne da ɗan injinta. Ka ɗora masa rabin tan, hancin motar zai durƙusa, sitiyari ya yi tauri, tayoyin gaba su cinye, birki ya kasa. Ga tsawo: injin dogo ne daga kasko zuwa murfi, bonet ba zai rufu ba sai an yanke. Giyar Fijo da aksul ɗinta na baya kuwa ba za su jure ƙarfin murɗawarsa ba. Ƙarshenta ka lalata motar da mahaifinka ya riƙe shekara talatin, injin ma bai samu mazauni ba.

Idan gas kake so a Fijo, kamfanin da kansa ya yi mata injin gas, Indenor mai siisii 2304, wanda ke zama a gurbinsa ba tare da an taɓa gangar jikin motar ba. Shi za ka nema.

To wace mota ce za ta ɗauka?

Mai kauri a shasi, mai sifirin ganye a gaba ko aksul ɗin gaba mai ƙarfi. A Amurka masu wannan sha'awa suna sa shi ne a tsofaffin Ford F-250 da F-350 da Chevrolet masu ɗaukar tan guda, waɗanda dama da manyan injuna masu silinda takwas suka zo. A nan, ƙananan tsofaffin Bedford sun fi kusa da dacewa. Land Cruiser a-kori-kura tana da ƙashi, amma ita ma sai an ƙara mata ganyen sifirin, kuma injin gas na Toyota da aka yi dominta ya fi mata sauƙi nesa ba kusa ba.

A ina ake samunsa, kuma me zan duba kafin in biya?

Ba a kan teburin mai sayar da kayan mota za ka same shi ba. Sai wajen masu yanka tsofaffin janareto da injunan aikin hanya, ko a Panteka, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko kudu inda jiragen ruwa suka yi amfani da shi. Inda injin ya fito kuwa yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato.

Na janareto gwamnansa an saita shi ne ya tsaya a gudu ɗaya, juyi 1,500 ko 1,800 a minti. Mota tana buƙatar gwamnan da zai bi ƙafarka a kan totur, don haka sai an sauya shi. Na jirgin ruwa kuma da ruwan kogi ake sanyaya shi, kayan sanyayawar da bututun hayaƙinsa duk sai an canza. Abin da ya fi cin mutane shi ne wannan: kamfanin ya ƙera masu juyawa dama da masu juyawa hagu. Ka sayi mai juyawa hagu ba ka lura ba, ka haɗa da giya, sai ka samu giyoyin gaba duka suna kai ka baya. A duba lambar ƙirar da ke jikin bulok, a kuma juya shi a gani da ido.

Akwai wani alheri da wannan inji yake da shi wanda sauran ba su da shi. A gefensa akwai ƙananan murafai. Ka kwance su, ka haska tocila, za ka hango fistan da ringinsa ta ƙofofin iskar nan ba tare da ka buɗe kan inji ba. Ringin da ya karye ko silindar da ta karce, a nan za ka gani. Mai sayarwar da ya hana ka buɗe murfin nan, ka ɗauki kuɗinka ka tafi.

Da gaske ne yana iya ƙwacewa ya ƙi mutuwa?

Da gaske ne, kuma shi ne abin da ba na wasa da shi. Injin gas ba ya da fulogi, ba wutar da za ka yanke ya mutu. Hana shi mai ake yi. Injin da ya daɗe a ajiye, injekta ɗaya yana iya ƙamewa a buɗe, ya riƙe ƙarfen da ya haɗa su, sai duka su yi ta zuba mai. Ko kuma robar bulowa ta lalace, baƙin mai ya riƙa bin iska yana shiga silinda, injin ya koma cin baƙin mansa. A wannan hali ko ka cire tiyon gas ba zai tsaya ba, zai yi ta ƙara gudu har wani abu ya fashe. Magani ɗaya ne, a toshe masa iska.

Shi ya sa a garejin nan, kafin a taɓa batir, dattijon bakaniken ya sa aka ɗaga murfin kan injin, ya tura ƙarfen injektocin da ɗan yatsa ya ga yana zuwa yana dawowa. Sannan ya miƙa wa babban yaronsa wani guntun katako mai faɗi, ya tsayar da shi daidai bakin bulowa. Yaron ya ce, "Baba, tsumma ba zai yi ba?" Ya ce, "Haɗiye shi zai yi, har da hannunka. Idan na ce rufe, ka kifa katakon nan, kar ka tsaya kallona." Da yawa daga cikin injunan sun zo da wani marfi na gaggawa a bakin iskar. Duk wanda zai sa injin a mota, lallai ya gyara marfin nan, ya ja masa waya har gaban direba.

Bayan an ɗora shi, me ya rage?

Rabin aikin ma ba a yi ba. Bayan injin an yi shi ne da ma'aunin manyan motoci, sai an nemo giyar da ta dace ko a ƙera farantin haɗi a wajen masu injin yankan ƙarfe. A wannan kam Panteka ba ta da na biyu, amma a tabbata an daidaita tsakiya sosai, in ba haka ba kuloci da boris za su yi ta mutuwa.

Sai lissafin gudu. Iyakar 4-53 juyi 2,800 ne a minti, inda yake ba da ƙarfin doki wajen 140. A ce tayarka tana cin mita biyu da rabi a zagaye ɗaya, aksul kuma 4.10 ne, wato a giyar ƙarshe sai inji ya juya sau 4.10 kafin taya ta juya sau ɗaya. A giyar ƙarshe, injin yana iyakar ihunsa, kilomita 100 da 'yan kai kawai za ka yi a awa. A juyi 2,000, inda kunne zai iya jurewa, kilomita 73 ne. Dole ke nan a samu giya mai ƙarin hawa ko a sauya haƙoran aksul.

Birki ma haka. A motar fetur, injin ne yake zuƙo iskar da ke sa birki ya yi laushi. Injin gas ba ya yin wannan, sai an ƙara masa famfo na musamman. Na ga wanda ya manta da wannan, ya fito gwaji, ya taka birki ya ji kamar dutse ya taka. Allah ya kiyaye, fili ne a gabansa. Ana kuma buƙatar lagireto babba saboda zafin Maris da Afrilu, da batir mai ƙarfi, da tiyo na biyu mai mayar da gas tanki, domin injin yana zagaya da man ne ta cikin kansa yana sanyaya injektoci. Matatar iska kuma a sa babba. Injin nan yana shan iska fiye da sa'anninsa, ƙurar hunturu kuwa kai-tsaye take bi ta ƙofofin silinda ta cinye ringi.

Wane baƙin mai yake sha?

SAE 40 zalla, mai ƙarancin toka, wanda aka rubuta wa CF-2 a jikin galan. Ba 15W-40 da ake zuba wa sauran injunan gas ba. Kuma zai yi yoyo, wannan halinsa ne. Yana da ƙananan bututu a gefe da ke zubar da man da ya taru a akwatin iska. Kar a toshe su don a ga ƙasa ta tsabtata, a sa musu gwangwani. Ba ya son a bar shi yana aiki a tsaye na tsawon lokaci, ba ya kuma son a danne shi a babbar giya yana tafiyar hawainiya. Cunkoson Kawo ko na Kasuwar Bacci da yamma ba wurinsa ba ne.

Zai rage mini kuɗin mai?

A'a. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane ke neman mafita, na sani, amma gas ɗin ma ba araha yake ba, kuma wannan inji ya fi injunan gas na zamani sha. Kayan gyaransa sai an yi oda, masu iya saita injektocinsa kuma yawancinsu sun manyanta. Wanda motar ita ce abincinsa, yana jigilar masara daga Saminaka ko citta daga Kachia, ya nemi injin Toyota ko Isuzu da kowane bakanike ya sani. Detroit na wanda yake da wata motar hawa ne, yake da haƙurin shekara guda a gareji, kuma yake ƙaunar ƙarfen don kansa.

Takardu fa?

Lambar injin da ke takardun motarka ta tsohon inji ce. Ka riƙe rasiɗin sayen sabon, ka je ofishin lasisin motoci a gyara bayanan, a kuma duba lafiyar motar kafin ka hau titi. Sannan ka gyara injektoci har hayaƙin ya washe. Detroit mai lafiya, idan ya yi zafi, ba ya turnuƙe unguwa. Idan naka yana yi, ko matatar iska ta toshe, ko an sa masa injektocin da suka fi ƙarfinsa, ko saitin bai yi ba, sai a koma gareji.