Wa zai biya kuɗin karatu? Dokar Kanada kan tallafa wa 'yan asalin ƙasa kafin a haƙa ma'adinai

A shekarar 2013 aka tara mutanen Clyde River, wani ɗan ƙauye na ƙabilar Inuit a can ƙuryar arewacin Kanada, don a yi musu bayanin binciken man fetur da wasu kamfanoni ke son yi a tekunsu ta hanyar harba ƙara mai ƙarfi cikin ruwa. Mafarauta suka yi tambayoyinsu: wannan ƙara da za a riƙa harbawa cikin ruwa, me za ta yi wa dabbobin da muke ci? Wakilan kamfani suka kasa amsawa a wurin. Bayan 'yan watanni amsa ta iso, kundi mai shafi 3,926, mafi yawansa ba a fassara shi zuwa harshen Inuktitut ba. An ɗora shi a intanet, amma intanet ɗin yankin ba ƙarfi, ga tsada. Tsohon magajin garin da kansa ya shaida wa kotu cewa ya kasa sauke shi saboda girmansa. Ba a ba su ko sisi don ɗaukar masanin da zai karanta musu ba. Duk da haka aka ba kamfanonin izini.

A watan Yulin 2017 Kotun Ƙolin Kanada ta soke izinin, kuma cikin dalilanta har da rashin tallafin kuɗin. A ranar nan dai kotun ta yanke wata shari'ar ta wata al'ummar 'yan asalin ƙasa a lardin Ontario da ke ƙalubalantar aikin bututun mai, amma su ba su yi nasara ba, domin an ba su kuɗin shiri, an zauna da su, sun kawo hujjojinsu an saurara. Wanda ya haɗa hukuncin biyu ya duba zai gane inda dokar ta sa gaba.

Tushen maganar yana cikin tsarin mulkin Kanada na 1982. Sashe na 35 ya amince da haƙƙoƙin 'yan asalin ƙasa, wato Al'ummomin Farko da Inuit da Metis, waɗanda ƙidayar 2021 ta nuna sun kai miliyan 1.8, kusan kashi 5 cikin 100 na jama'ar ƙasar. A 2004, a shari'ar al'ummar Haida, Kotun Ƙoli ta ce duk lokacin da gwamnati za ta yanke shawarar da ka iya taɓa waɗannan haƙƙoƙi, kamar farauta da kamun kifi da mallakar ƙasa, wajibi ne ta tuntuɓi masu haƙƙin, ko da ba a gama tabbatar da haƙƙin a kotu ba. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Nauyin kuma a wuyan gwamnati yake. Tana iya sa kamfani ya yi wasu zirga-zirga, amma in an yi sakaci ita za a tuhuma.

Dokar da ke aiki yanzu a matakin tarayya ita ce Dokar Tantance Tasirin Ayyuka, wadda ta fara aiki ranar 28 ga Agustan 2019. Ba kowane rami ne ke shiga ƙarƙashinta ba. Sabuwar mahaƙar ƙarfe, a misali, sai ta kai mai fitar da tan 5,000 a rana kafin ta shiga jerin ayyukan da tarayya ke dubawa. Ƙanana sukan tsaya a hannun larduna, kowane da tasa dokar. In aiki ya shiga, akwai matakai: kwana 180 na share fage, sai kamfani ya samu har shekara 3 ya haɗa rahotonsa, sannan hukumar tantancewa ta yi nazari cikin kwana 300, ko kwana 600 in an kafa kwamitin ƙwararru mai zaman kansa. Daga nan minista ko majalisar ministoci su yanke hukunci.

Sashe na 75 shi ne na kuɗi. Ya tilasta wa hukumar ta kafa shirin tallafi don jama'a su iya shiga cikin waɗannan matakai, kuma a cikin shirin ana ware wa 'yan asalin ƙasa nasu kason. Yadda abin ke gudana ba wani ɓoyayye ba ne. Kamfani ya gabatar da aikinsa, hukuma ta sanar da cewa akwai tallafi, al'ummar da abin zai shafa ta cike takarda ta faɗi abin da za ta yi da kuɗin, a duba, a sa hannu a yarjejeniya. Bayan an kashe kuɗin a kawo lissafi.

Me ake yi da su? Ɗauki al'ummar da ba ta wuce mutum ɗari biyar ba, wadda ofishinta na kula da filaye bai fi mutum biyu ba. Rahoton kamfani ya zo da dubban shafuka kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, da ƙura, da madatsar da za a tara dagwalon ma'adinai. Da tallafin ne za su ɗauki nasu masanin ruwa ya duba ko lissafin kamfani ya tsaya da ƙafarsa, su biya lauya, su biya tafinta. Da shi za a kira taron gari, a shimfiɗa taswira a kan tebur, dattijo ya ɗora yatsa ya ce nan ne kifi ke zuba ƙwai, nan kaburburan kakanninmu suke, ta nan garken karibu, wata dabbar dawa mai kama da barewa, ke ratsawa in sanyi ya kama. Ana iya ba dattijon tukuicinsa daga cikin kuɗin, har da abin da al'ada ta tanada a miƙa kafin a nemi ilimi a bakin babba, kamar taba a wasu al'ummomin. Akwai kuma kuɗin jirgi, domin garuruwa da yawa a arewa ba hanyar mota sai ta kan ƙanƙara a lokacin hunturu. Dokar ta ce dole a yi la'akari da wannan ilimi na gargajiya, kuma in an bayar da shi a asirce ba a bayyana shi sai da izini, ban da 'yan wurare da dokar ta keɓe.

Akwai abu biyu da mutane kan rikita. Karɓar tallafi ba amincewa da aiki ba ne. Al'umma na iya karɓar kuɗin gwamnati ta yi amfani da su wajen kafa hujjar cewa kada a yi aikin sam. Sannan tuntuɓa ba ta ba su ikon hana aiki kai tsaye ba, kotu ta faɗi haka tun a shari'ar Haida. Kanada ta kafa doka a 2021 kan aiki da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya game da haƙƙin 'yan asalin ƙasa, wadda ke maganar neman yardarsu tun kafin a fara, amma har yanzu ana ja-in-ja kan iyakar ma'anar wannan yarda.

Duk da haka kwalliya takan biya kuɗin sabulu. A lardin British Columbia kamfanin Taseko ya so haƙar zinariya da tagulla ta hanyar da za ta lalata tafkin Teztan Biny, wanda mutanen Tsilhqot'in ke kamun kifi da ibada a bakinsa. Sun tsaya gaban kwamiti da dattawansu da masanansu, gwamnatin tarayya ta ƙi aikin a 2010, aka sake masa fasali, ta sake ƙin sa a 2014. A watan Agustan 2014 kuma madatsar dagwalo ta mahaƙar Mount Polley, a lardin nan dai, ta fashe ta kwarara cikin tafkin Quesnel. Tun daga nan wanda ya ce a bar shi ya kawo injiniyansa ya duba madatsa, da wuya a ce masa ya cika tsoro. A Nunavut, yankin Inuit na arewacin Kanada, inda tsarin tantancewa daban yake kuma akwai wani shirin tallafi na musamman na arewa, an ƙi faɗaɗa mahaƙar ƙarfe ta Mary River a Nuwamban 2022 bayan mafarautan Inuit sun dage kan illar jiragen ruwa ga dabbobin teku.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawan kuɗin da lokacin zuwansu. Kamfani ya shafe shekaru yana biyan ƙwararru, al'umma kuwa a ba ta 'yan makonni ta yi sharhi, wani lokaci agogo ya fara tafiya kafin kuɗi su shigo. Ƙorafin da shugabanninsu suka daɗe suna yi shi ne tallafin cikin cokali ne in aka auna shi da aikin. Kuma tunda aiki-aiki ake bayarwa, da wuya a riƙe ma'aikaci: an gama wannan tantancewa, albashi ya tsaya, wanda ya ƙware ya kama gabansa. Don haka ne hukumar ta buɗe wani shirin na daban don gina ƙwarewa ba tare da jiran wani aiki ba. A ganina wannan ya fi na farkon amfani, ko da yake ba ya cika jan hankali. Wani giɓin kuma kamfanoni ne ke cike shi da nasu kuɗin, wanda ke jefa shugabanni cikin tsaka mai wuya, don mai ba ka kuɗin karatu shi ne wanda kake karanta takardarsa.

A yankin Ring of Fire na arewacin Ontario, inda aka gano ma'adinin kuromait, matsalar ta fito fili. Garin Neskantaga yana ƙarƙashin umarnin tafasa ruwa kafin a sha tun 1995. Shugabannin da ke fama da wannan su ne dai ake aika wa kundin hanyoyi da mahaƙai su yi sharhi a kan lokaci. Maƙwabtansu biyu, Webequie da Marten Falls, su ne ma ke jagorantar aikin hanyoyin, saboda haka ba a kan murya ɗaya ake magana ba.

Mai karatu a Agadez na iya tambaya ko wannan doka na bin kamfanonin Kanada zuwa ƙetare, tunda Global Atomic na Toronto ne ke da aikin uraniyom na Dasa. Ba ta bin su. A can dokar Nijar ce ke aiki.

Ita kanta Dokar Tantance Tasirin Ayyuka ba ta zauna lafiya ba. A Oktoban 2023 Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 2, ta ce babban ɓangarenta ya shiga hurumin larduna, aka yi mata gyara a Yunin 2024. Sashen tallafin yana nan. A 2025 kuma gwamnatin tarayya da ta Ontario duk sun kafa sababbin dokokin gaggauta manyan ayyuka, wasu Al'ummomin Farko na Ontario suka garzaya kotu.